Malamina ya dawo min da babi na uku, don Allah ku taimaka

Hafsy: Slm 'yan uwa, wlh ina cikin damuwa. Aji huɗu nake, furojet ɗina a kan taurarin labari ne masu wakiltar karon al'adu, na ɗauki Things Fall Apart na Achebe da The Lion and the Jewel na Soyinka. Dama ba shi na so ba, waƙa na so yi aka ce wata ta riga ni, ga jinyar Mama ta cinye min rabin zango, ga kwamfutar aro ce mai ita kullum sai ta kira tana so. Na yi jadawali, Okonkwo (na littafin Achebe) da Baroka (sarkin ƙauye a na Soyinka) gargajiya, Nwoye ɗan Okonkwo da Lakunle malamin makarantar ƙauyen Baroka baƙuwar al'ada. Malam ya ja jan biro ya ce wai na mayar da mutane allon talla. An kusa rufe karɓa, ya zan yi?

Abu Fatima: Ƙanwata malaminki gaskiya ya faɗa. Okonkwon da kika sa a gargajiya shi ya fi kowa taka ta. Ya doki matarsa Ojiugo a makon zaman lafiya har aka ci shi tara. Ezeudu dattijo ya ce kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna tunda yaron na kiransa uba, amma Okonkwo ya sare shi don kada a ce masa rago. Ƙarshe ya rataye kansa, abin da al'adarsu ta ƙyamata har 'yan garin suka ƙi taɓa gawar. Ki yaga jadawalin nan.

Maman Ilham: A'a kar ki yaga komai, ki ƙara shafi biyu ki mayar masa. Ni nawa haka ya dinga juya ni har sai da na ƙara zango, ashe ko karantawa ba ya yi, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Hafsy: Yaya Abu ai ba ni na ƙirƙiro ba, haka aka koya mana tun sakandare. Kuma Achebe ya fitar da littafin a 1958 ana gab da 'yanci, da gangan ya yi don a ga an kara.

Abu Fatima: An kara mana, amma cikin mutum ɗaya ma ana karawa. Lakunle ya ƙi biyan sadakin Sidi, budurwar da yake so, wai ƙauyanci ne, da ya ji ta riga ta kwana wurin Baroka sai ya kafa hujja da al'adar cewa yanzu ba sadaki. Baroka kuwa ya ba safiyo cin hanci a kauce da layin dogo daga ƙauyensu Ilujinle, amma na'urar buga kan sarki ya nuna wa Sidi ya janye ta. Wane gida za ki sa su?

Sadiya K: Ni abin da ke ƙona min rai marubutanmu na intanet ne, duk 'yar boko sai an yi ta mara kunya, 'yar ƙauye kuma waliyyiya. Ina aiki, dangin mijina da wannan idon suke kallona.

Malam Sani: Ki canza littafi kawai, ki ɗauko The Stillborn na Zaynab Alkali, 1984, ya fi kusa da rayuwarmu.

Abu Fatima: A babi na uku? Haba Malam.

Hafsy: Na gode duka, amma jadawalin shi ne ƙashin bayan aikin, in na cire babi na ɗaya da na biyu ma sun rushe. Kuma ba wanda ya ce komai kan Nwoye, ai shi dai ya bar addinin ubansa ya zama Kirista, ya koma Isaac, ko shi ma ba alama ba ne?