Farfelolin Vollis Simpson a Wilson: me ke hana su tsatsa da cijewa?

Ɗan Tasha:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Vollis Simpson makanike ne a Lucama, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya rasu a 2013 yana da shekara 94. Da tarkacen ƙarfe ya riƙa haɗa manyan farfeloli da iska ke juyawa. A 2017 aka buɗe masu fili a garin Wilson, aka kafa kusan 30, ga ɗan gidan tarihi a gefe. Masu sana'ar ƙarfe, abu yana waje rana da ruwa na dukansa, kullum kuma yana juyi, da me ake riƙe shi?

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Malam, boris ne ke fara mutuwa. Ruwa ya shiga ya wanke giris, tsatsa ta kama, sai ka ji yana kuka, daga nan ya cije. Iska kuwa ba ta san ya cije ba, za ta ci gaba da turawa har reshen farfela ya lanƙwashe. Maganinsa boris mai rufi, da ɗan murfi a samansa.

Sai nauyi. In reshe ɗaya ya fi sauran nauyi, girgiza ce ke tsaga walda a hankali. Gwajin ba wuya: sauke farfelar, juya ta da hannu, ka bar ta ta tsaya da kanta sau uku. In reshe guda ne kullum ke komawa ƙasa, can nauyin yake, a ƙara ɗan ƙarfe a ɗaya ɓangaren. Duk bututun da ke tsaye kuma a huda masa ƙaramin rami a gindi, in ba haka ba ruwa ya taru ya cinye shi ta ciki, fenti na waje yana ƙyalli.

Hajiya Mai Adana:
Mai Walda ya yi gaskiya, amma gyaran kayan tarihi ba gyaran ƙofa ba ne. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a ɗauki hoto ta kowace fuska, a sa wa kowane yanki lamba. Launin da mai aikin ya zaɓa shi ake mayarwa, ko da bai yi maka ba. Simpson ya yayyanka tsofaffin allunan hanya ya manna, shi ya sa suke walƙiya da dare in fitilar mota ta haska su. Allunan nan na alminiyom ne, in suka zauna jikin baƙin ƙarfe da danshi, alminiyom ɗin ke ruɓewa ya zama farin gari. A sa roba a tsakaninsu. Kan ƙarfe kuma a goge tsatsa tas, a fara da jan fenti mai hana tsatsa, ya bushe sosai kafin launi.

Ɗan Tasha:
Na gode Hajiya. To guguwa fa?

Mai Walda:
Lokacinta a yankin Yuni zuwa Nuwamba ne. Kafin ya shigo a bi notocin gindi ɗaya bayan ɗaya, a duba inda sanda ta haɗu da kankare, nan ruwa ke kwanciya.