Rauni, ɓaraka ko lago? Mu tsayar da kalma ɗaya

1/ Jama'a, musamman masu fassara labaran fasaha da malamai masu koyar da tsaron kwamfuta, ina so mu tsayar da magana kan kalmar vulnerability, wato matsalar da ke cikin manhaja wadda mai kutse zai iya amfani da ita. Kusan kullum "rauni" ake sa mata, ni kuwa hakan bai kwanta mini ba.

2/ Bari mu gwada da abin da ya faru da gaske. Akwai manhajar da kamfanoni da jami'o'i da asibitoci ke sawa a bakin hanyar sadarwarsu ta cikin gida. Duk waya ko kwamfutar da aka jona, sai ta tantance ta tukuna: ta wace ce, tana da izini, ina da ina za a bar ta ta shiga? Mai gadi ce a bakin ƙofa. Cisco ISE da FortiNAC na kamfanin Fortinet suna cikin sanannu.

3/ A watan Fabrairun 2023 Fortinet ya sanar da wata matsala a FortiNAC mai lamba CVE-2022-39952, haɗarinta maki 9.8 cikin 10. Wani shafi ne a cikinta, keyUpload.jsp, yake karɓar fayil daga hannun kowa ba tare da neman kalmar sirri ba, ya kuma sauke shi duk inda mai turowa ya ga dama. Masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta Horizon3 suka nuna yadda ake jefa fayil a wurin da na'urar da manhajar ke ciki take ajiye ayyukan da take yi da kanta idan lokacinsu ya yi. Lokaci na cika, na'urar da kanta za ta nemi maharin ta miƙa masa cikakken iko. Ba a yi nisa ba masu kutse suka fara gwadawa a kan na'urorin mutane.

4/ To, wannan rauni ne? A kunnen Bahaushe rauni ciwo ne ko rashin ƙarfi. Manhajar nan kuwa garau take aikinta, ba wanda ya ga alamar komai.

5/ Ɓaraka ta riga ta auku, kowa yana ganinta. A bar ta ga ranar da aka yi kutsen.

6/ "Kafar kutse" ta matso kusa, har na so ta. Sai dai kafa aiki ya yi mata yawa: kafafen yaɗa labarai, kafar sada zumunta. Ga shi mutane da yawa ba sa rubuta ƙ a waya, kafa da ƙafa sai su cakuɗe.

7/ Ni dai lago na zaɓa. Muna cewa "ya gano lagonsa", "an kama lagonta". Lago yana nan ɓoye tun kafin a gano shi, mai shi ma bai sani ba, kuma ba ya cutarwa sai ya faɗa hannun wanda zai yi amfani da shi. Ƙaƙƙarfa ma yana da lago. Maganinsa kuma muna da kalmarsa tuntuni: faci.

8/ Ku saurari yadda zai fito a labari: "A watan Yunin 2025 an gano lago biyu a manhajar Cisco ISE, kowanne maki 10 cikin 10, da za su ba mai kutse cikakken iko ba tare da kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da faci."

9/ 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku ma haka kuke amfani da lago a wajenku? Idan haka ne, mu fara sa shi a rubutu.