Wai labaran wa za mu yarda da su ne yanzu?

Dan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Abu ɗaya za a yi a majalisa, ka murɗa wannan tasha su ce ƙasa ta gyaru, ka murɗa waccan su ce an gama da mu, kuma duk safiya ɗaya. A bes ɗinmu, wato majalisar samari, nan Aboabo a Kumasi ta Ghana har an rabu, masu jin rediyon jam'iyyar NPP daban masu jin na jam'iyyar NDC daban, ataya kawai ke haɗa mu. Tsohona shi ba ruwanshi da su duka, in dai BBC ba ta faɗa ba to ba a yi ba, ƙannena kuma sun ce BBC da RFI, rediyon Faransa, 'yan aiken Turawa ne. To ku wa kuke ji? Kuma ya ake gane labarin da aka saya?

Malam_Asawase:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka ji me suka ce, fara tambaya tashar ta wace ce, ai ba a ɓoye yake ba. Oman FM da Net 2 na Kennedy Agyapong ɗan NPP ne, Wontumi FM kuwa sunan mai ita ma yana kanta, shi ma ɗan NPP ne, Radio Gold kowa ya san ɓangaren NDC ta karkata tun tuni. Mu da muka ga zamanin da GBC, gidan rediyon gwamnati, kaɗai ke magana ba ma raina abin da ake da shi yanzu, a 1994 Wereko-Brobby ya buɗe Radio Eye aka zo aka rufe aka kwashe kaya, sai 1995 Joy FM ta fara, sai kuma 2001 gwamnatin Kufuor ta soke dokar da ake ɗaure ɗan jarida da ita kan ɓata suna. Amma lasisi na hannun NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, har gobe. A 2019 lokacin Akufo-Addo na NPP aka rufe Radio Gold da Radio XYZ aka ce maganar lasisi ce, a 2025 NCA ta sake rufe wasu har da Wontumi da Asaase, nan ma aka ce lasisi, sai da Shugaba Mahama na NDC ya ce a ɗaga musu ƙafa. Waɗanda suka yi tafi wancan karon su ne suka yi kuka wannan karon, ni abin da ya ba ni dariya kenan.

Yar_Nima:
Baba Malam ka faɗi gaskiya amma ba mai tasha kaɗai ba ne. Na taɓa aiki a wani gidan rediyo nan Akra, ba zan faɗi suna ba. In an gama taron manema labarai za ka ga wani ya tsaya bakin ƙofa da takarda da biro, ka rubuta sunanka da tasharku ka sa hannu a miƙo maka ambulan, soli kenan, su ce wai kuɗin mota. Yaron da aka yi wata da watanni ba a biya shi albashi ba, ga kuɗin trotro, wato motar haya, ga kuɗin ɗaki, kana ganin zai koma ofis ya rubuta abin da zai ɓata wa mai ambulan rai? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sannan masu buga waya a shirin safe ɗin nan, ku lura muryoyin ba sa canzawa, mutum ɗaya zai kira tasha uku kafin rana ta ɗaga, da yawansu jam'iyya ke sa musu kati. Amma don Allah kar a yi musu kuɗin goro, akwai masu tsoron Allah a aikin. Ahmed Suale da ya yi aikin Number 12, binciken cin hanci a harkar ƙwallo, tare da ɗan jarida Anas, a Madina aka harbe shi a Janairun 2019, Allah ya jiƙanshi.

Sahel_Boy:
Ni dai na daina jin na Turawa wallahi. DW gwamnatin Jamus ke ba ta kuɗi, RFI ta Faransa ce, Muryar Amurka kuma kun ga da Trump ya tsuke bakin aljihu a Maris 2025 tsit ta yi. Me ya sa za su kashe kuɗi su yi mana magana da Hausa in ba su da wata manufa? Mali ta dakatar da RFI da France 24 a 2022, Nijar ta bi a 2023, ni na ce sun yi daidai.

Kawu_Alabar:
Sahel_Boy ƙanena, maganar kuɗi gaskiyarka ce, ka ma manta da Sin da ke da sashen Hausa tun da daɗewa da TRT Afrika ta Turkiyya da aka buɗe a 2023, kowa da abin da ya kawo shi. Amma bidiyon Traoré na Burkina da kake turo mana kullum daga TikTok, wa ya haɗa shi? BBC aƙalla ka san ofishinsu ka san sunan wakilinsu na Ghana, in ya yi ƙarya za a iya tare shi a tambaye shi. A 2020 CNN ta bankaɗo wani gida kusa da Akra inda samari 'yan ƙasar nan ke zama suna rubutu a Facebook da Twitter kamar su baƙaƙen Amurka ne, kamfanonin suka rufe shafukan suka ce abin na da alaƙa da Rasha, a ƙasar nan fa ba wani wuri ba. Kuma Burkina da ta dakatar da BBC da Muryar Amurka a Afrilun 2024, kan rahoton Human Rights Watch ne da ya zargi sojoji da kashe mutanen ƙauye, wannan ma sai a ce sharrin Turawa ne a wuce? Dan_Aboabo ni yadda nake yi, in maganar siyasarmu ce ina jin na waje don ba su da ɗan takara a mazaɓar Asawase, in kuma maganar Faransa da Sahel ce ba na tsayawa kan RFI ita kaɗai. Hoto ko bidiyo in ya cika daɗi sai in leƙa GhanaFact ko Dubawa, masu tantance gaskiyar labari, kafin in tura.

Dan_Aboabo:
Na gode Kawu, na gode Yaya Yar_Nima. Amma su Dubawa ɗin suna bin saƙon murya na WhatsApp kuwa? Don a gidanmu su Mma ba sa karanta komai, murya ce ke yawo da Hausa, wani ya yi sallama ya ce shi yana wurin aka yi, a tura wa duk musulmi, ba suna ba gari, kafin la'asar ta zagaye gurup ɗin dangi duka.