Yaya ake raba mutanen ƙidaya gurbi gurbi a kan taswira?

Dan_Birni:
Salamu alaikum jama'a, masu aikin taswira ku agaza min don Allah. Ina rubutun kammala jami'a ne, malamina ya ce in fito da taswirar yankin Mirya a yanka ta gurbi gurbi kamar na dara, kowane gurbi kilomita ɗaya tsawo ɗaya faɗi, a ga mutum nawa ke ciki don a gane su wa suka yi nisa da asibiti. Abin da ke hannuna adadin ƙidayar 2012 ne na INS, hukumar ƙididdiga ta Nijar, komin komin, wato ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Na shiga QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, na raba mutanen kowace komin daidai wa daida gwargwadon faɗin ƙasa, sai ga taswira ta zuba min mutane a bisa dutse da cikin tabki da tsakiyar gonar gero, garin da na san cike yake kuma ya fito fayau kamar an yi gudun hijira. Ina na kuskure?

Baba_Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka bai ɓace ba, zaton da ka ɗora shi a kai ne ya ɓace, ka ɗauka mutane a shimfiɗe suke ko'ina kamar tabarma. Hanyar tana nan ana amfani da ita, taswirar GPW ta jami'ar Columbia a Amurka haka take rabo, amma tana kyau ne inda yankunan ƙidaya suke ƙanana ƙanana. Mu nan komin ɗaya sai ka wuni a mota ba ka fita cikinta ba. Jahar Damagaram a 2012 mutum miliyan 3 da rabi ne da 'yan kai, amma galibi a kudu suke, Magarya, Matamai, Dungas, Mirya, ka je Tesker kuwa sai rairayi da rijiya nan da can.

Ga yadda nake yi. Farko ka cire inda ba mai kwana, dutse, tabki, daji. Sannan ka samo gine ginen da aka zana daga hoton tauraron ɗan adam, akwai na OpenStreetMap akwai na Google, duk kyauta. Ka ƙirga faɗin rufin da ya faɗo cikin kowane gurbi, ka ba shi rabonsa gwargwadon haka. A ce komin tana da mutum 60,000, gurbi ɗaya ya kwashi kashi 2 cikin 100 na ginin komin, to nasa 1,200 ke nan. In ka gama ka tara gurabun komin duka, dole su dawo 60,000 cif, in ba su dawo ba ka zubar da mutane a bakin iyaka, can inda gurbi ya raba ƙafa tsakanin komin biyu, sai ka yanka shi kowane ɓangare ya ci daga tukunyarsa. Kuma kar ka auna faɗi da digiri, ka maida aikin kan tsarin awon taswira na UTM, shiyya ta 32 ta arewa tukun, shi zai ba ka mita.

Maman_Iman:
Baba ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ni da na sha yawon rigakafi gida gida ina da ja a kan maganar rufin nan. An taɓa ba mu taswira irin wannan, ta nuna wani ƙauye a cike, muka ɗauko allura da yawa muka isa, ashe rabin abin da kwamfuta ta ƙirga rumbuna ne jere a bayan gari, gero ne a ciki ba yara ba hhh. Can kuma wani wajen ɗakin laka launinsa ɗaya da ƙasa, bukka tana ƙarƙashin gawo, inji bai gan su ba sam. A cikin gari ma haka, gida ɗaya a Birni ko Zango sai ka tarar da kaka da 'ya'ya da matansu da jikoki, ka fita sabbin unguwanni ka ga katafaren gida mutum biyar ne ciki ko ma ba a tare ba, ga shagunan kasuwar Dole da ba mai kwana. Fulani da Tubawa masu kiwo kuwa wane gurbi za ka sa su, inda suke da damina ko inda suke da rani? Kai dai ƙanena ka zaɓi ƙauye biyu uku ka hau babur ka je ka gani da idonka, ka zauna da mai gari.

Injiniya_Sabongari:
In lokaci ya ƙure maka akwai taswirar irin wannan rabo da aka riga aka dafa. WorldPop na jami'ar Southampton a Ingila suna da gurbin mita 100, suna haɗa gini da hanya da hasken dare da yanayin ƙasa, na Facebook kuma mita 30 ne. Amma ka sani duk daga ƙidayar nan suke ɗiba, ba wanda ya sake ƙirga kowa. Kuma 2012 ta yi nisa, a lokacin an samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, ƙaruwa kashi 3.9 cikin 100 a shekara, da wannan gudun shekara 18 ta isa jama'a su ninka. Ni shawarata ka yi naka da hannunka, nasu ka ajiye gefe don gwadawa.

Dan_Birni:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na gwada hanyar Baba a komin ɗaya jiya da dare, tabkin ya koma ba kowa, jimilla ta dawo saura mutum 3, ina jin wajen cire guntun lambobin bayan ɗigo ne. To rumbunan Maman Iman fa, yaya zan tsince su?

Baba_Mai_Taswira:
Ukun nan kar su hana ka barci, ka bar ɗigon sai a ƙarshe ka cire. Rumbu kuwa ƙarami ne kuma zagayayye, ka buɗe hoton ƙauyen da ka sani ka auna guda goma, ka ga faɗinsu, ka sa iyaka duk abin da bai kai haka ba a watsar. Wasu bukkokin za su bi su, shi ya sa ka rubuta iyakar da ka sa a cikin aikin naka, malaminka zai tambaya.