Masu motar alfarma ta hannu mai shan dizal, ku ba mu labari

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Na samu wata babbar mota ƙirar Jamus, ta hannu, injin dizal lita 3, shekararta tara. Abin da ake nema bai kai kuɗin sabuwar ƙaramar mota ba. Na zauna ciki, kujerun fata, ko ƙarar waje ba ka ji, gaskiya zuciyata ta riga ta saya. Kafin in biya ina son jin ta bakin waɗanda suka riƙe irinta, ba waɗanda suka ji an ce ba.

Mai doguwar hanya: Wa alaikumus salam. Shekarata biyar da irinta, ban yi nadama ba. Daɗin dizal shi ne ƙarfinsa yana zuwa tun injin yana wajen juyi 2,000 a minti, ba sai ka danne totur ya yi ta ihu ba. Ka zo wuce tirela a kan tudu, ɗan taɓawa kawai za ka yi. A babban titi tawa ba ta wuce lita 7 a kilomita 100, mota mai wannan nauyi! Ba yau aka fara ba kuma, tun 1936 Mercedes ta fitar da 260 D, kuma an daɗe ana tasi da motocin dizal a Jamus saboda juriyarsu. Amma fa sana'ata tafiya ce, kusan kowane mako ina kan hanya.

Wata 'yar'uwa: Malam, wannan magana ta ƙarshe ita ce za ka riƙe. Ni daga gida sai makarantar yara, sai wurin aiki, duk cikin cunkoso. Wata huɗu da saye wata fitila ta kunnu a gaban sitiyari, na share. Bayan mako biyu motar ta ɗaure kanta, ina takawa tana jan jiki kamar mai ciwon ƙafa. Aka sa mata kwamfuta aka ce matatar hayaƙi ce ta toshe. Aka wanke, wata uku ta sake. Abin da ya fi ba ni haushi, sai na ƙirƙiri tafiyar da ba ni da ita, in hau babban titi in yi ta gudu rabin awa don kawai in lallashi mota. Na sayar.

Bakanike: Hajiya, motar ba ta yi laifi ba, aikin da ba nata ba aka ba ta. Wannan matata, DPF, tana tara baƙin da ke cikin hayaƙi, kuma sai zafinta ya kai wajen digiri 600 take ƙone shi. Gajeriyar tafiya ba ta kai ta can. Kana kashe mota tana tsakiyar ƙonawa, ragowar dizal sai ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, daga nan turbo, na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, ya fara ji a jikinsa. Ga kuma bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin injin, shi ma da dattin nan yake cushewa. Injektocin zamani kuwa suna fesa mai da matsi mai tsanani, har wajen 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", ɗan ruwa ko datti a dizal ya isa ya kashe su, kuma mai silinda shida guda shida gare ta. In tana da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi, ka sani idan ya ƙare ƙaf ba za ta tashi ba. Masu cewa a fasa matatar a huta, ni dai ba na yi. Ƙasashe da yawa sun haramta, kuma hayaƙin huhun mutane yake shiga.

Wanda ya ɗanɗana: Ni injina lafiya lau, sauran jikin ne ya cinye ni. Kyan ɗan maciji. Na wayi gari na tarar bayanta ya zauna a ƙasa, balan-balan ɗin iskar da ke ɗauke da ita ya huje, famfonsa ma ya ƙone garin cika abin da ba ya cikuwa. Ranar na gane kuɗin motar ne ya faɗi, kayan gyaranta suna nan a farashin mai kuɗin da ya saye ta sabuwa. Duk da haka, har yau in na shiga wata motar sai in ji kamar a kan benci nake.

Mazaunin waje: Ku ƙara da dalilin arahar. Tun badaƙalar hayaƙi ta Volkswagen a 2015 kasuwar dizal ta yi sanyi a Turai. A 2019 Landan ta fara cajin kuɗi kullum a kan motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba. Ka duba matakin taka da dokar inda za ka riƙa hawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Wurin aikina kilomita 8 ne, jikina ya yi sanyi. Na nemi takardun juyen mai, mai motar ya ce sun ɓace.

Bakanike: Ba a cinikin biri a sama, ɗan'uwa. Ka ce ya bar ta ta kwana ba a tayar ba, ka je da sassafe da mai kwamfuta, ka taɓa injin da hannunka. In ka ji shi da ɗumi, ka tambaye shi wa ya riga ka zuwa.