Za mu tare a sabon rukunin gidaje bayan Na'ibawa, da me za mu fara?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya aka saka ni cikin zauren nan naku na mazauna rukunin. Mun sayi gida a layin ƙarshe, wanda yake kallon gonaki, za mu taso daga Fagge bayan Sallah in Allah ya yarda. Maigidan a Kantin Kwari yake, yara uku duk 'yan makaranta. Don Allah waɗanda suka riga mu zama ku ba mu shawara, musamman kan ruwa da wuta da zirga-zirga.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, lale marhabin da ƙanwata. Allah ya sa ku shigo a sa'a. Kada ki ɗauko ko tsinke sai kin san inda ruwanki zai fito. Matatar Tamburawa tana nan kan titin Zariya, amma layukanmu ba a ja musu bututu ba tukuna. 'Yan garuwa kuma ba kamar cikin gari ba ne da za ki leƙa ki kira. Nan sai kin ajiye lambar mutum ɗaya ko biyu, su ma da rani layi ake bi.

Injiniya: Hajiya ta faɗi gaskiya. In gidan babu rijiyar burtsatse, ga abin da zan ce. Ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan yana zama ne a tsagogin dutsen da kuma rubabben dutsen da ke samansa. Shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa ya samu ruwa mai ƙarfi, kai ka matsa kaɗan ka haƙa ka tashi da ƙura. Don haka kar ku yarda mai inji ya zo ya kafa a inda motarsa ta fi samun wurin tsayawa. Ku biya a yi awon ƙasa na gano inda ruwa yake tukuna, a ba ku sakamakon a rubuce. Na biyu, a nisanta ta da shadda, mita 30 in fili ya bari, kuma ku leƙa ta kan katanga ku ga inda maƙwabci ya haƙa tasa shaddar, don ruwan ƙasa bai san iyakar fuloti ba. Na uku, rijiyar da ta cika a Agusta ba ta nuna komai ba. A Afrilu ake sanin rijiya. Ku tambayi mutanen layinku yadda tasu take yi da bazara.

Baban Sadik: Mu gida huɗu muka haɗa kuɗi muka yi guda ɗaya, sumo, wato injin jan ruwa, mai aiki da sola, tanki biyu a sama. Ya yi mana sauƙi ƙwarai. Amma a rubuta yarjejeniya tun farko: a filin wa take, wa zai biya in sumo ya ƙone, in mai filin ya sayar da gidansa yaya za a yi. Mun kai wa mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Wani layi ba su yi haka ba, yanzu sabon mai gidan ya sa kwaɗo.

Maman 'Yan Biyu: Wanda ya sayar mana ya ce akwai rijiya a gidan, amma ban ga an kunna ba.

Injiniya: To a kunna a gabanku, a bar ta ta yi ta zuba har awa ɗaya ko fiye. In ta fara tsinkewa tana tofar da iska, kun san matsayinta. Ku ɗebi ruwan a gora mai tsabta a kai a gwada kafin yara su fara sha.

Lauyan Layi: Ni ta takarda zan shigo. Tunda saye kuka yi, maigida ya je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ya bincika fulotin da sunan wa yake, ya kuma nemi ganin takardar amincewar gini ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. A wannan yanki rukunin da aka tsara da filayen awon igiya, wato waɗanda ba hukuma ce ta tsara ba, manne suke da juna, wani lokaci dillali ya nuna maka na awon igiya ya kira shi da sunan rukunin. Sannan a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, mayar da mallaka daga wani zuwa wani a birni yana buƙatar amincewar gwamna. Takardar ciniki da shaidu ta yi kyau, amma kada a tsaya a nan, a bi har sunanku ya hau.

Baban Sadik: Batun wuta kuma, ki fara tambayar layinku a wane ajin wuta yake, wato Band. Band A alkawarinsa awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, haka har ƙasa. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin Band A ya haura naira 200 kan kowane yunit, wasu ma ba sa marmarinsa. Ku nemi mita mai kati tun ranar farko, kada ku gaji bashin wanda ya fita.

Mai Sola: Ni dai shawarata kada ki dogara da wutar kamfani gaba ɗaya. Kowa ya tuna Oktoban 2024 da Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Kar kuma ki ce sai kin tara kuɗin babban tsari. Fara da abin da zai riƙe fitilu, fanka, cajin waya da firji ƙarami. Batirin lithium ya fi tsada amma ya fi na ruwa daɗewa, kuma ba ya son a ajiye shi inda rana ke dukan bango. Fanel kuwa da hunturu sai ana goge shi, nan ƙura ta fi ta cikin gari saboda fili ne buɗe, in ta kwanta a kansa caji ya ragu sosai. Dutsen guga da hita a bar su sai an kawo wuta.

Lauyan Layi: In aka zo muku da maganar karo-karon taransifoma, ku sani a ƙa'idar NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, sayen taransifoma da turaku nauyin kamfanin rarraba wuta ne. In unguwa ta ga ba za ta iya jira ba ta saya, a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin kan yadda za a mayar da kuɗin kafin a haɗa.

Direba: Hanya fa? Ba wanda ya taɓo ta. Daga bakin titi zuwa layin ƙarshe jar ƙasa ce, da damina taɓo take zama. Ƙaramar mota tana shan wuya a kwanar da ruwa ke kwanciya. Hajiya, kafin ku tare ku duba jikin katangarku daga waje, in ruwa yana taruwa za ki ga zanen da ya bari a bulo. Maigida in yana son isa Kwari cikin natsuwa ya fita kafin bakwai, don daga Unguwa Uku zuwa gadar Dangi cunkoso yana farawa da wuri. Mai zuwa wajen Hotoro ko Mariri ya bi Eastern Bypass, mai zuwa Panshekara ko titin Gwarzo ya bi Western, ba sai an shiga gari ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yawancinmu haɗuwa muke a mota ɗaya, kowa da ranarsa. Akwai mutum uku 'yan Kwari a layi na biyu, ya yi musu magana.

Maman Amira: Adaidaita ba ya son shigowa bayan Magariba sai shata. Ki samu guda ɗaya amintacce ku yi ta wata, ya kai yara ya ɗauko. Ni da farko na bar nawa a tsohuwar makarantarsu ta cikin gari, suna dawowa a gajiye ko Islamiyya ba sa iya zuwa. Da na dawo da su kusa sai suka samu sararin barci da karatu. Cefane kuma na mako ake yi. Kayan marmari ga 'Yan Lemo nan kusa, katako da silin in za ku yi gyara ga 'Yan Katako, sauran kayan gini Ƙofar Ruwa. Hatsi in da hali a sayo buhu a Dawanau da kaka.

Sista: Asibitin Malam Aminu Kano yana kan titinmu, wannan babbar rahama ce, amma da dare sai da mota. Ki riƙe lambar maƙwabta biyu masu mota. Gidan sauro dole ne, saboda ramukan da masu gini suka bari suna tara ruwa. Da damina ma'aikata suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Don Allah a riƙa buɗe musu ƙofa, a nan sau da yawa suna ƙwanƙwasa get ba a amsawa. Tunda gidanku gonaki yake kallo, a share ciyawar jikin katanga, kada a tara bulo da itace kusa da ɗaki. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Hajiya Babba: A yi feshin gara kafin a shigo da kujeru. Ki dasa bishiya tun damina ta farko. Darbejiya ta fi kowace jure wuya, amma a waje, nesa da katanga da shadda saboda saiwarta. A ciki zogale, gwaiba, lemun tsami.

Baban Sadik: Tsaro kuma kowane gida yana biyan kuɗin 'yan sintiri duk wata. Ni har yanzu ina kan bakana a toshe ƙaramar hanyar nan ta baya da mutanen ƙauye ke ratsawa. Ta nan aka bi aka kwashe wayoyin wuta a kangon da ke kusa da ni.

Malam Ladan: Baban Sadik, Allah ya mayar da alheri, amma ban goyi bayan toshewa ba, kuma ina so 'yar uwarmu ta ji dalili tun kafin ta zo. Ƙasar da muke kwana a kai gonakinsu ce. Wannan hanya ita suke bi zuwa gona da makabarta tun kafin a aza bulo ɗaya a nan. Rukunin nan an zana masa tituna da filin masallaci, ba a zana masa makabarta ba. Da aka yi mana rasuwa a layi na uku, da asuba, yawancinmu ko inda za mu samu makara ba mu sani ba. Mutanen ƙauyen ne suka fito da diga da shebur suka haƙa kabari a makabartarsu, limaminsu ya yi salla, matansu suka shigo da kunu gidan makoki. Ba wanda ya tambaye mu daga ina muka zo. Wa ya tabbatar ɓarawon waya daga cikinsu yake? Kangon da aka bari babu ƙofa shekara da shekaru, leburori na shiga na fita, shi ne abin dubawa. A nemo masu kangwaye su rufe ko su sa mai gadi.

Baban Sadik: Malam ban ce su ne ba. Amma hanya buɗe da tsakar dare fa?

Hajiya Babba: To a sa ƙofa, a bar ta buɗe daga Asuba zuwa bayan Isha, mai gadin kuma ya zama ɗan ƙauyen da mai unguwa ya tsaya masa. Shi ya san fuskar kowa, baƙo bai isa ya wuce shi ba. Amma a je a yi shawarar da su tukuna, kada su wayi gari su ga ƙarfe a hanyarsu. Ke kuma ƙanwata, makon da kuka tare maigidanki ya je ya gaida mai unguwa, ke ki shiga gidajen da ke bayanku. Nono, ƙwai, rama, kuɓewa ɗanya, duk a wajensu nake saye. A cikin gari maƙwabta gadonsu ake yi, nan sai kin fita kin nema. Watannin farko shirun wurin zai dame ki, musamman in kowa ya fita aiki ya ja get. Muna haɗuwa karatu gidana ranar Asabar bayan La'asar, akwai adashi ma ga mai so.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ƙaru. Na karanta wa maigidan maganar takardu, ya ce gobe zai kira wanda ya sayar mana. Ranar Asabar za mu zo a kunna rijiyar. Injiniya, ko za ka samu dama ka duba mana?

Injiniya: In sha Allah, ƙarfe goma. A zo da janareta ko a ari na Baban Sadik, don ba lallai a samu wuta a lokacin ba.

Direba: Tunda ana tare, tifa biyu ta burji muke son zubawa a kwanar nan kafin ruwa ya sauka. Layi na ɗaya da na biyu sun biya, saura na uku da na ƙarshe. Ma'aji yana masallaci bayan Isha.