Ɗan maƙwabcina Bayahude ya rasu a hatsarin mota, in ɗaga tafiyata?

Baban Iman: Assalamu alaikum jama'a. Maƙwabcina a garin Salford na Ingila Bayahude ne, shekara tara muna katanga ɗaya. Daren Laraba ɗansa ya rasu a hatsarin mota. Su ma kamar mu, ba sa son gawa ta kwana, amma har yau Juma'a tana hannun korona, mai binciken musabbabin mutuwa. Daga faɗuwar ranar yau zuwa daren Asabar kuma ba sa binnewa. Jirgina na Kano Litinin ne. In ɗaga tikiti, ko za a saki gawar Lahadi?

Ɗan Zango: Korona kuma? Ashe ba ta tafi ba?

Alhajin Lesta: Ɗan Zango, ana zancen rasuwa. Baban Iman, su nemi a yi siti-sikan, wato hoton cikin jiki da na'ura, maimakon feɗewa. Fam 500 muka biya na wani ɗan'uwa, washegari aka ba mu shi.

Ummu Sadik: Wane 500, Alhaji? Mu sai da muka haɗa kusan 1,000 da kuɗin ɗaukar gawa.

Malam Bature: A yankinmu hukuma ce ke biya, ko sisi ba a karɓa.

Maman Hanif: Ku dai yi ta lissafi. Ƙanena mota ta buge, kwana 19 muna jira. An yi sikan, aka feɗe, sannan lauyan direban ya ce yana da damar neman a sake wani binciken tunda za a gurfanar da shi. Kullum Inna ta kira daga Katsina: "An rufe shi?" Me zan ce mata? Muka je ofis aka ce mana doka ta ce sai an haura kwana 28 ne dole su yi mana bayanin jinkiri. Ranar wanka mijina ya fito bai iya magana ba saboda ɗinkin da ya gani. Har yau ba ya son a tayar da zancen.

Ummu Sadik: Allah ya jiƙansa, Yaya. Wallahi kin sa ni kuka.

Alhajin Lesta: Amin. Amma an samu sauyi. A Afrilun 2018 Babbar Kotu ta soke tsarin wata korona a arewacin Landan da ta ce kowa ya bi layi, ba ruwanta da addini. Ƙungiyar jana'izar Yahudawa ta Adath Yisroel ce ta kai ƙarar, mu ma muka ci albarkacinta.

Maman Hanif: Na ƙanena bayan 2018 ne, Alhaji. Kai a jarida ka karanta, ni a ƙofar ɗakin gawa na zauna.

Nas Hauwa: Shekara shida ina kula da tsofaffin Yahudawa. Baban Iman, zaman makokinsu na kwana bakwai, shiba, ba ya farawa sai an binne, shi ya sa jiran yake musu ciwo. Kafin nan suna sa mai gadin gawa yana karanta Zabura. Wanda ya mutu cikin jini kuma, masu riƙon addininsu sukan binne shi da tufafin da jinin ya taɓa. Kada ka kai fure, kada kuma ka kai girkin gidanka.

Ɗan Zango: Shi ke nan, dambun Maman Iman ya tsira, a miƙo min.

Baban Iman: Na gode Hajiya Hauwa. To tikitin fa?

Malam Bature: Su Yahudawa kam ƙungiyarsu ta jana'iza na da lambar da ake kira ko ƙarfe biyun dare. Mu fa? Asusun jana'izarmu fam 10 ne a wata, rabinmu ba sa biya.

Alhajin Lesta: A fara ba mu lissafin kuɗin bara tukuna.

Malam Bature: Alhaji, ai kai ne ka bar taron kafin a karanta shi.